Mai Noman Kirikiri

Duk wanda ya taɓa riƙe fartanya a ƙasar Jiwa ya san kirikiri. Ciyawa ce mai rarrafe, ba ta da tsawo, ba ta da ƙaya, amma idan ta shiga gona sai mutum ya tsufa yana fama da ita. Ka sare ta yau, ka kife saiwarta rana ta dake ta, bayan kwana huɗu ka dawo ka tarar gaɓa ɗaya da ka manta ta sake kama ƙasa. Ilyasu, wanda kowa ke kira Ɗangoggo saboda a hannun ƙanwar mahaifinsa ya tashi, ya yi shekara arba'in yana wannan faɗan, kuma mutanen Jiwa sun shaide shi cewa babu wanda ya kai shi cin nasara. Shi ba ya barin ta a bakin kunya kamar yadda wasu ke yi. Tsince ta yake yi da hannu, ya tara a kan dutse, ta bushe, ya cinna mata wuta, ya tsaya sai ya ga toka.

Gonar da ya yi wannan aikin a cikinta ta mahaifinsa ce, shimfiɗaɗɗiya, daga bakin hanya har kusa da rafi. Shekara goma sha biyu da suka wuce wasu mutane suka zo da mota da takardu da abin awo mai ƙafa uku. An yi zama, an sake zama, an ba shi abin da aka ba shi. Abin da ya rage masa shi ne wani siririn yanki a bakin rafi, inda shi da matarsa Safara'u ke shuka dawa da masara da ɗan kuɓewa. Gonakin da ke maƙwabtaka da tasa duk sun zama rukunin gidaje masu jan rufi iri ɗaya. Tasa ce kawai aka zagaye da katanga aka bari, gamba ta yi ta girma a ciki har ta fi mutum tsawo. Ɗangoggo ya daina bin wannan hanyar. Idan za shi kasuwa sai ya zagaya ta baya, ya ce wai can ya fi inuwa.

Sai ga Alhaji Badaruddeen, wani mutum da ya yi aikin gwamnati ya ajiye ya koma kasuwanci, ya sayi wurin. Bai gina gidaje ba. Ya kafa ƙungiyar ƙwallon ƙafa, ya sa mata suna Taurarin Usuma, ya yi rumfar 'yan kallo mai rufi a yamma, da benayen zama marasa rufi a gabas, ya haƙa bohol. Ranar da aka kawo ciyawar da za a dasa, a cikin manyan motoci biyu, Ɗangoggo bai zagaya ta baya ba. Ya tsaya a bakin ƙofa ya leƙa. Ya daɗe yana kallo kafin ya yarda da idonsa. Kirikiri ce, an nannaɗo ta kamar tabarma, an biya kuɗin mota an kawo ta daga nesa.

Bayan wata biyu ciyawar ta mutu a kusurwar arewa, ta ruɓe a ta kudu. Ɗangoggo ya gaya wa mai gadin wurin, wani tsohon soja mai suna Ishaya, cewa a arewa marmara ce a ƙasa, taƙi ɗaya za ka haƙa ka same ta, a kudu kuwa nan ne ruwa ke kwanciya tun zamanin kakansa. Ishaya ya kai maganar wurin manajan ƙungiyar, Nicholas, wani matashi mai yawo da waya biyu, wanda Hausarsa ba ta gama nuna ba. Nicholas ya sa aka haƙa, aka tarar da marmara. A makon nan aka ɗauki Ɗangoggo aikin kula da fili, aka ba shi riga mai lamba a baya wadda bai taɓa sawa ba.

Haka ya koma gonar mahaifinsa, yana shayar da abin da ya ƙare ƙuruciyarsa yana ƙonawa. A Jiwa an yi dariya har aka gaji. Shi kuwa da hantsi yakan cire takalmi ya taka filin daga raga zuwa raga, tafin ƙafarsa na gaya masa inda ƙasa ta yi tauri da inda take neman ruwa. Bai taɓa koyon sunayen da 'yan ƙwallo ke kiran wuraren ba. Da'irar tsakiya a wurinsa gindin ɗorawa ce, don nan ɗorawar take kafin a sare ta. Gaban ragar kudu kuwa wajen rumbu, don nan rumbunsu yake a da. Da farko Nicholas na gyara masa, daga baya shi ma ya koma cewa a ƙara ruwa a wajen rumbu.

Ɗangoggo bai san ƙwallo sosai ba, amma ya san yawan mutanen da suka zo kallo fiye da mai sayar da tikiti, domin shi ke share wurin zama ranar Litinin. Wasan farko an shiga kyauta, an kawo makaɗa, an raba huluna. Washegari baro bakwai ya kwashe na ledar ruwa da ɓawon gyaɗa da tuƙar rake, har sai da Ishaya ya taya shi. Wasa na biyu aka sa tikiti, ya kwashe baro uku. Kafin kakar wasa ta raba, baro ɗaya ya ishe shi, kuma ba ya cika.

Ishaya ne ke da bayanin komai, yana zaune a kan bencinsa da rediyo a cinya. Ya ce mutanen Kubwa kwana biyar suke yi suna tashi tun duhu suna kokawar shiga mota zuwa cikin gari, ranar Lahadi wanki suke yi da barci. Manya kuwa tun Juma'a da rana sun kama hanyar Kaduna da Kano, Abuja wurin aiki ce a wurinsu. Samari suna gidan kallo, a kan benci a cikin zafi, suna ihu a kan wasan Turai. Waɗanda suka zo ɗin ma, rabinsu da sun iso ƙofa sai su ce oga ne ya aiko su, su kira wani suna, su miƙa masa waya ya yi magana da wanda bai sani ba. Safara'u ta soya awara a bakin ƙofa a shekarar farko. Sau uku tana komawa gida da fiye da rabin abin da ta kawo, jikoki suna ci har su ƙi tuwo. Ba ta sake zuwa ba, kuma ba ta ce ta daina ba.

Ƙungiyar ba ta yi abin kunya a fili ba. Ta ci wasu, an ci ta wasu, ta gama a tsakiya. Amma Ɗangoggo ya lura a rani na biyu an fara auna masa man janareton bohol da galan, an ce ya riƙa ba da ruwa kwana ɗaya ya tsallake ɗaya. Injin yankan ciyawa ya lalace, ya yi wata biyu a wurin wani makanike a Apo, shi kuma ya koma lauje.

A tsakiyar damina ta uku Nicholas ya same shi yana cire tafasa a bayan raga, ya tsuguna kusa da shi, abin da ba ya yi. Ya ce masu shirya gasa sun aiko da takarda, za su zo duba fili kafin a fara sabuwar kaka. Idan fili bai yi ba, za a mayar da wasannin gida na ƙungiyar wata jiha. Alhaji kuma ya faɗa da bakinsa cewa ba zai riƙa zuba wa bas mai ana tafiya wasan gida a garin wasu ba, gara ya rufe. Akwai mutanen da suka daɗe suna kiransa a kan wurin, sun ma zana gidaje arba'in da takwas a takarda.

Ɗangoggo ya ce fili lafiyarsa lau, su zo gobe ma idan suna so.

Nicholas ya juya wayarsa a hannu. Ya ce akwai magana ta biyu. An ba da hayar filin kwana uku, wani babban mutum zai aurar da 'ya'yansa biyu, kuma babu zauren da zai ɗauke jama'arsa.

"A rumfar 'yan kallo za su zauna?" in ji Ɗangoggo.

"Baba, a kan ciyawa. Za su kafa babban kanofi, rumfar tanti."

"Da damina."

"Ba ni ne ya kawo wannan magana ba, Baba. Abin da za su biya a kwana uku, ƙofa bai kawo shi ba tun da muka fara. Da shi za a yi rajistar 'yan wasa. Ciyawa zai dawo ai."

Ɗangoggo ya tambayi kwana nawa ne tsakanin bikin da zuwan masu duba fili. Nicholas ya ce ashirin da huɗu. Tsohon ya ci gaba da cire tafasa. Da Nicholas ya miƙe zai tafi, ya roƙe shi abu ɗaya, cewa kada a bar mota ta hau filin, a sauke kaya a bakin layi a ɗauka da hannu. Nicholas ya ce ya yi alkawari.

Ranar Laraba da rana motar farko ta hau. Nicholas yana cikin gari, wayoyinsa biyu duk ba sa shiga. Ɗangoggo ya tsaya a gaban ta biyu, direban ya leƙo ya ce, Baba matsa mana, mu ma aiko mu aka yi. Ya matsa. An yi ruwa a daren Talata, tayoyin suka nutse suka bar kwari biyu tun daga ƙofa har gindin ɗorawa. Aka kafa turakun ƙarfe masu tsawon hannu, aka shimfiɗa katako da darduma a kan ciyawar, aka ajiye janareto mai girman ɗaki a wajen rumbu.

Bai taɓa ganin jama'a irin wannan a wurin ba, ko a ranar wasan farko. Motoci sun cika hanya har bakin rukunin gidaje. Mata da takalma masu tsini suna ratsa inda darduma ba ta kai ba. Ishaya ya samu hula sabuwa da abinci a roba har uku, ya kawo masa ɗaya. Ɗangoggo ya karɓa ya yi godiya, ya ajiye a gefe. Yana zaune a can saman benen gabas, inda babu kowa, yana kallon rufin kanofin.

Da aka kwashe komai ranar Litinin, ya cire takalmi ya shiga. Inda katako ya danne, ciyawar ta yi fari kamar an dafa ta, wannan bai dame shi ba, ya san za ta farfaɗo idan ta ga rana. Ramukan turaku ma ana iya cikewa. Kwarin taya ne da wajen rumbu. A can an zubar da man dizal, wuri mai faɗin tabarma shida ya yi baƙi, ƙasar tana wari. Inda masu girki suka juye ruwan zafi da mai ma haka. Ya ƙiyasta a ransa, wajen kashi ɗaya cikin biyar na filin sai an sake dasawa.

Nicholas ya zo ya gani, ya riƙe ƙugu. Ya ce zai tambayi Alhaji ko za a sayo ciyawa irin ta farko. Da yamma ya dawo bai tayar da maganar ba, Ɗangoggo kuma bai tambaya ba.

Washegari ya ɗauki shebur ya nufi yankinsa na bakin rafi. Ya bi kunya-kunya, ya duba bakin iyaka, ya duba gindin ayaba. Safara'u na tsinkar kuɓewa tana kallonsa ta gefen ido. Da ya zagayo karo na biyu ta tambaye shi abin da ya ɓata. Ya ce kirikiri yake nema.

"A gonarka, Malam?" ta ce. "Ai ka manta ka bar iri."

A Jiwa kowa ya san gonar da ta fi kowace kirikiri. Ta Kure ce, sa'an Ɗangoggo, tare aka yi musu kaciya, mutumin da ya fi son zaman majalisa a kan noma. Shekara talatin Ɗangoggo na ce masa ya kamata ya riƙa fitar da zakkar ciyawa. Ya same shi a gindin mangwaro yana gyaran rediyo. Suka gaisa, suka tambayi iyali, suka yi maganar ruwan bana. Sai da maganar ta ƙare sarai sannan Ɗangoggo ya faɗi abin da ya kawo shi.

Kure ya ajiye rediyon a hankali. Ya ce bai ji ba, kunnensa na hagu ya fara nauyi. Ɗangoggo ya maimaita. Kure ya kira mutum biyu da ke wucewa ya ce su zo su zama shaida.

"Sarkin noma ne da kansa ya zo roƙon iri wurin rago. Ku ji da kyau, don gobe zai ce ba a yi ba. To faɗa mini, wace iri kake so? Akwai ta gabas, ita ce mai yauƙi, tun zamanin babana muke adana ta."

Ɗangoggo ya ce duk wadda ya ba shi ya gode.

"Ka ga yadda ake tanadi ke nan. Da na biye maka, yau ina za ka?"

Ɗangoggo ya bar shi ya yi ta yi har ya gaji. Da azahar yana cikin gonar Kure, yana yanka kirikiri fala-fala da ƙasarta, yana jerawa a baro. Tsakanin gonar da filin tafiyar rabin awa ce da kaya, kuma dole a bi bakin kwalta, masu mota na danna masa ham. A rana yakan yi sawu shida, wani lokaci bakwai. Wurin dizal sai da ya haƙe shi har gwiwa, ya kwashe baƙar ƙasar ya zubar a bayan katanga, ya ciko da ta bakin rafi. Ishaya ya riƙa taya shi dannawa da wani guntun katako, yana cewa ko a soja bai yi irin wannan wahalar ba.

Kafin mako ya cika labari ya zagaye gari cewa Ɗangoggo na nome kirikiri kyauta. Aka fara aiko masa. Wata gwauruwa ta tare shi a hanya ta ce tata ma tana nan, kuma ta fi ta Kure kyau. Wani ya ce idan ya zo ya haɗa da harkiyar da ke gefe, tunda ya riga ya sunkuya. Ya bi gona tara a cikin kwana goma sha shida. Ba kowace ya ɗauka ba. Mai faɗin ganye ya bar ta, siririyar yake so, wadda za ta saje da ta filin.

Lokacin maimai ne, kuma dawarsa ba ta san da zuwan masu duba fili ba. Safara'u ta shiga da fartanya ita kaɗai. Shekarunta sun wuce na wannan aikin, takan yi kunya uku ta zauna ta dafa baya. Ba ta yi masa magana ba sai sau ɗaya, suna cin tuwo bayan magariba. Ta ce ciyawa ta fara rufe dawar da ke can ƙasa, idan aka ƙara mako sai dai a yi haƙuri da ita. Ya ce ya sani. Ta ce filin nan fa an riga an sayar, ba nasu ba ne. Ya ce wannan ma ya sani. Ya wanke hannu, ya daɗe yana goge shi da gefen riga, sannan ya ce idan aka zuba siminti a wajen rumbu, shi ke nan, ko tsayawa a wurin mutum ba zai sake yi ba. Ta ƙara masa miya, ko da yake ya riga ya wanke hannu.

Allah ya taimake shi da ruwa, ana yi ana ɗagawa, ba mai ɓarna ba. Kirikiri kuwa ba ta san ana so ko ba a so ba, halinta ɗaya. A kwana na ashirin gaɓoɓin sun miƙa sun kama juna, sai wanda ya san wurin ne zai gane inda aka yi faci. Ya bi da lauje ya daidaita tsawon, ya ja farin layi.

Masu duba fili su uku ne, maza biyu da mace ɗaya mai riƙe da fayil. Alhaji Badaruddeen ya zo da kansa, ya rame fiye da yadda Ɗangoggo ya san shi. Suka auna raga, suka duba ɗakin canza kaya, suka shiga fili. Ɗaya ya gara ƙwallo daga gindin ɗorawa ya bi ta da ido har ta tsaya. Ya taka wajen rumbu da dunduniya, ya sake takawa, ya tsuguna ya ja ciyawar da yatsu, ba ta taso ba. Ya faɗi wata magana da Turanci, matar ta rubuta. Nicholas ya juyo ya gaya wa Ɗangoggo cewa mutumin ya ce a filaye shida da suka zagaya babu mai kyan wannan. Alhaji ya miƙo masa hannu biyu, ya ce Allah ya saka da alheri, Baba, ka fitar da mu kunya. Ɗangoggo ya ce amin. Daga nan bai koma gida ba, ya wuce bakin rafi. Dawar da ke can ƙasa ta riga ta yi ja ta tsaya. Ya nome abin da zai nomu.

Ranar wasan farko na sabuwar kaka, wajen ƙarfe uku da rabi, sai ga Kure da mutum kusan ashirin daga Jiwa, da manyan riguna kamar masu zuwa ɗaurin aure. Ishaya ya ce tikiti. Kure ya ce wane irin tikiti, su da ciyawarsu, sun zo ganin yadda take ne a gidan miji. Ana cikin haka Nicholas ya iso, ya dubi rumfar da babu kowa sai iyalan 'yan wasa da wasu 'yan tsiraru, ya ce a bar su su shiga. Ya kai su ya zaunar daidai inda mai ɗaukar hoto zai riƙa haskawa, ya ce don Allah su ɗan rarrabu kada su cure wuri ɗaya.

Ba su kalli ƙwallo sosai ba. Kure na nuna wa na kusa da shi gaban ragar kudu yana cewa daga nan zuwa can duk tasa ce. Wani ya ce ƙarya ne, gefen hagu na gwauruwa ne. Da golan baƙi ya yi tsalle ya faɗi a wurin ya tashi ba ko ƙwarzane, suka tafa masa, har 'yan wasan gida suka waiwayo suna mamaki. Da aka tafi hutun rabin lokaci suka yi la'asar a bayan rumfa. Kure ya ce to sun gani, tana nan lafiya, an riƙe ta da kyau, kuma hadari na haɗuwa. Suka tafi. Taurarin Usuma suka ci ɗaya bayan an dawo, ƙarar tafin ba ta kai bakin hanya ba.

Ranar Litinin Ɗangoggo ya share wurin zama. Abin da ya tara bai rufe gindin baro ba. Yana cikin turawa Nicholas ya zo, idonsa ja kamar wanda bai yi barci ba, amma da fara'a. Ya ce Alhaji ya ji daɗi ƙwarai. Da ma abin da yake tsoro shi ne biki ya kashe fili, to yanzu an ga ba ya kashewa. Mutanen da suka zo bikin nan sun ga wuri, suna ta kira. Akwai wata makaranta da za ta yi yaye ɗalibai a ƙarshen wata, akwai taron coci na kwana biyu, akwai wani auren bayan Maulidi. Za a riƙa sa su a makon da ƙungiya ta tafi wasan waje.

"Tunda Baba ya iya gyarawa," ya ce.

Ɗangoggo ya ajiye hannun baron. Ya tambaya, a hankali, idan aka ce ba za a bayar ba fa. Nicholas ya dubi cikin baron, ya dubi benayen gabas, sannan wayarsa ta yi ƙara ya ɗauka ya yi gaba.

A hanyar gida ya biya ta wurin Kure. Gonar Kure fes take, dawarsa ta yi kore shar, irin yadda ba ta taɓa yi ba. Kure ya ce kirikirin saura kaɗan a bakin iyaka, amma yanzu ya gane abin yana da daraja, nan gaba sai an yi ciniki. Wasa yake yi, ko kuma rabi wasa. Sauran gonakin takwas ma Ɗangoggo ya san bai bar siririyar kirikiri a cikinsu ba, don shi ba ya aiki rabi.

Da sassafe ranar Talata ya bi gefen filin, inda ciyawar ke miƙa hannu tana neman hawa hanyar siminti, ya yanke gaɓoɓin kamar yadda yake yi kowane mako. A da yakan tara su a kan dutse. Ran nan ya zuba su a buhu, ya yayyafa ruwa, ya ɗaura a bayan keke.

Safara'u ta same shi a can ƙasan gonar, inda dawar ta mutu. Ya tumɓuke karan, ya baje kunya shida da manjagara ta zama fili, yana tsugune yana tura gaɓoɓin cikin ƙasa da babban yatsa, taƙi-taƙi, a jere kamar dashen albasa. Ta ajiye kwandonta. Ta tsaya tana kallo har ya kai ƙarshen layi ya juyo.

"Ka san ba za ta tsaya inda ka ce ta tsaya ba," ta ce.

"Na sani."

Ta dubi kunyoyin kuɓewarta, taku huɗu ne tsakaninsu da layin farko. Ta ce to baɗi sai ta mayar da kuɓewar can sama. Ya ce hakan ya fi. Ta ɗauki buhun ta matso masa da shi kusa, don ta ga yana miƙa hannu da ƙyar, sannan ta koma tsinkar kuɓewa. Shi kuma ya fara layi na biyu.